Zoben Inna Ya Yi wa Tahira Yawa

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023
Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, ya kwance wani ƙullin tsumma ya miƙo min. Zoben Inna ne na azurfa. Shekara uku da rasuwarta ban sake ganinsa ba, na ɗauka yana wurin Yaya Maimunat tare da awarwaronta. Ya ce, "Ka kai wa yarinyar nan." Shi ba ya kama sunan Tahira. Saura sati bakwai bikinmu.

Zoben ya yi baƙi ƙirin. Ta wajen tafin hannu ya lotsa ya sirance, inda taɓarya ta ci shi shekara da shekaru.

Talata, 3 ga Oktoba
Na wanke shi yadda Inna take yi duk jajiberin Sallah: toka mai laushi da ruwan lemon tsami, a murza da yatsa, ban da yashi. Ni take sawa in tace mata tokar a tsohon ɗankwali. Idan na yi garaje sai ta ce, "A hankali Basiru, ba tukunya ba ce." Ya fito fari tas. Na daɗe zaune da shi a hannu har akuyoyi suka fara kukan abinci.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Na kai mata da yamma. Ya yi yawa. Ta gwada yatsa ɗaya bayan ɗaya, har babban, sai ya zame. Hannun Inna na noma ne da daka, ita kuwa ɗinkin hula take yi. Ta ce, "Wannan sai dai in sa a yatsan ƙafa." Ta yi dariya, sai ta tuna na wane ne, ta rufe baki da mayafi. Ban ji haushi ba. Kaɗan dai.

Asabar, 7 ga Oktoba
Na hau mota zuwa Minjibir wurin Malam Nababa, maƙerin fari, mai aikin azurfa. Na je da zaren da Yaya Maimunat ta auno yatsan Tahira da shi. Ya dubi zaren ya ajiye gefe. Ya ce a gindin yatsa aka auna, ba a bi ta gaɓa ba, in ya yi aiki da wannan zoben ba zai shige ba.

Ya zura zoben a wani ƙarfe mai tsini mai layi-layi. Ya ce sai an yanke kamar ƙwayar dawa biyu a haɗe bakin. Na ce daga ina? Ya ɗora farce daidai wurin da ya lotsa. Na ce ba wani wurin? Ya ce nan ne zai fara karyewa ko ba a taɓa shi ba.

Na karɓi abina na ce zan yi shawara. Ya ce, "Da wa, ango?" Na ce da kaina. Ya ce to in gaishe shi.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Wurin nan da ya lotsa shi ne hannun Inna. Ba zan iya ba.

Laraba, 11 ga Oktoba
Tahira ta samo dabara. Ta naɗe bayan zoben da zaren hula, kore, har ya kama yatsanta na tsakiya. Ta ce haka kakarta take yi. Ba yanka, ba wuta. Na dawo gida ina ta murna, har Baba ya tambaye ni ko tsintuwa na yi.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Zaren ya yi dauɗa. Yana shan ruwan wanke-wanke da sabulu, ba ya bushewa. Da ta miƙo min ruwa na ga ƙasan zoben fatar ta yi fari ta jiƙe, har da ɗan ja a gefe. Ta ga na gani, ta mayar da hannun cikin mayafi. Na karɓi ruwan na sha. Na yi kamar ba komai. Allah Ya yafe min.

Talata, 24 ga Oktoba
Zoben ya ɓata. Suna tsinkar gyaɗa a gonarsu, zaren ya saki, ba ta san lokacin da ya faɗi ba.

Laraba, 25 ga Oktoba
Tun hantsi muke nema, ni da Yaya Maimunat da mutanen gidansu. Mun kwance harawar da aka riga aka ɗaure dami-dami. Mun tankaɗe ƙasa da rariya. Tahira ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya, idonta ya kumbura. Yaya ta ja ni gefe ta ce, "Kai da taurin kanka na tsiya. Da ka bari an rage da yanzu muna gida."

Gab da azahar mahaifiyar Tahira ta zazzage buhu na huɗu a kan tabarma, sai ga shi cikin gyaɗa, zaren na reto. Alhamdulillahi.

Tahira ta goge shi da bakin zani ta sa min a hannu. Ta ce, "Ka adana kayan Inna. Ni tsoronsa nake ji." A hankali ta faɗa, ba da fushi ba. Da ma fushin ta yi.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Ban je gona ba.

Asabar, 28 ga Oktoba
Na koma Minjibir. Malam Nababa ya ce, "An gama shawarar?" Ya ba ni zobban tagulla guda shida a jikin waya, kowanne da girmansa. Ya ce ta gwada su da safe, ta kuma gwada da rana lokacin da hannu ya ɗan kumbura. Wanda ya wuce gaɓa da ɗan tirjiya, ya zauna bai matse ba, shi ne nata.

Kafin in tafi ya ɗaga zoben a rana ya nuna min wani siririn layi a gefe. Ya ce tsohon haɗi ne, an taɓa yanka shi.

Na tambayi Baba. Ya ce, "Bayan haihuwarka yatsunta suka yi kauri. Ita da kanta ta ce a buɗa shi, ba ta son abin da zai zauna a akwati." Ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

Talata, 31 ga Oktoba
Zoben tagulla na uku ne ya yi mata. An yanka. Na tsaya har ya gama, sai dai da ya ɗauki zarto na juya ina kallon masu sayar da rake. Ya hura wuta, ya haɗe, ya goge. Guntun ya ƙulle min a takarda. Ya ce ta riƙa cirewa in za ta yi wanki ko ƙunshi, kuma kada turare ya taɓa shi.

Alhamis, 2 ga Nuwamba
Sai da na ce Baba ne ya ce, sannan ta karɓa. Ya shiga daidai. Ta yarfa hannu sau uku, bai motsa ba.

Laraba, 6 ga Disamba
An yi biki lafiya, ban samu zama na rubuta ba. Dawa ta shigo gida.

Yau da safe ta gama wanki tana ta dube-dube a tsakar gida. Ina ɗaura wa jaki mangala na ce, "Zobenki yana kan taga." Baba yana alwala a bakin rijiya, ya ɗago ya dube ni. Ban gyara maganar na ce na Inna ba. Rana ta yi, ga taki zan kai gona.