Kwabo Huɗu da Rabi: Kukan Mai Kalangu ga Mai Zana

Zuwa ga Malam Hamza Mai Zana, mai shirya wasanni a garin Wudil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da baƙi, da dukiya. Yaya gajiyar kaka? Yaya cinikin gyaɗa? Allah ya sa a sayar da riba, amin.

Ni ne Garba Mai Kalangu na Indabo. Ka yi haƙuri in ka ga rubutun ya karkace, bara na gama ajin yaƙi da jahilci, kuma hannuna ya fi sabawa da makaɗi a kan alƙalami. Sau uku ina zuwa gidanka ana ce mini ka tafi Kano, alhali ga kekenka jingine a zaure, ga tarinka ina ji daga ciki. Shi ya sa na rubuta a fili, na roƙi malamin ajinmu ya kwafa, a karanta a tasha da kasuwar shanu.

Ranka ya daɗe, ka tuna ranar da ka same mu muna kiɗan biki a Dagumawa. Ka ce ka gano sabon abu a birni: a kewaye fili da zana, duk mai son kallo ya biya taro, wato kwabo uku, a ƙofa. Ka ce in an fitar da ɗawainiya, abin da ya rage a raba biyu, rabi naka, rabi namu. Mu huɗu ne: ni, da Sallau ɗan amshi, da Buba mai kuntuku, da Mati maroƙi. Na amsa maka nan take, ban tsaya na tambayi abin da ke cikin tumbin wannan ɗawainiya ba. Wannan kam laifina ne.

Ranar Juma'ar kasuwa muka tako da ƙafa tun daga gida, muka kama kiɗa daga sakkowa masallaci har rana ta faɗi. Fili ya cika, har zana tana kumburi. Da bakinka ka ce an sami fam uku da sule goma. Washegari ka zaunar da mu a zaure, ka yi lissafi, ka miƙo mana sule ɗaya da sisi. Kowannenmu ya tashi da kwabo huɗu da rabi. Ga kukana:

Na farko. Ka cire sule goma sha biyar hayar zana, sule takwas hayar fili, sule goma na masu tsaron ƙofa, sule huɗu na mai shela. Zana taka ce, filin gonarka ce da aka cire gero, masu tsaron ƙofa ƙannen maiɗakinka ne, shela kuwa kai ka yi ta da kanka a kan keke. Ban ce kada mutum ya biya kansa ba. Amma da fatar kalanguna ta fashe ana tsakiyar wasa, na sayi wata sule biyu, na ce a sa ta cikin ɗawainiya, sai ka ce, “Garba, kalangu naka ne ko nawa?” To, Malam Hamza, zana tawa ce ko taka?

Na biyu. Sule biyar na fura. Ƙwarya ɗaya aka kawo mana, ruwanta ya isa a yi alwala, kuma masu tsaron ƙofa ne suka fara sa ludayi.

Na uku, maganar jaki. Ka ɗora mana sule shida ladan jakinka da ya ɗauko zana, na haƙura. Sai ka ƙara sule huɗu, wai jakin ya cinye rabin zana guda. Da na tambayi haɗinmu da cikin jaki, ka ce kiɗanmu ne ya motsa masa yunwa. Shekara ashirin ina kiɗa, na tayar da mahauta, na tayar da 'yan dambe, na sa tsohuwa ta jefar da sanda ta shiga fili. Ban taɓa sanin ina da taken jakai ba sai a bakinka.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Akwai tsamiya a bayan zana, mutane suka ɗare kanta suna kallo kyauta. Ka ce ka ƙirga su, su sittin, ka cire kuɗinsu sule goma sha biyar, wai da mun sassauta kiɗa da ba su jiwo ba balle su hau. Na kai wannan lissafi wajen malamin ajinmu, ya juya shi gaba da baya, ya ce shi dai bai taɓa ganin inda ake cire kuɗin da bai shigo ba daga cikin wanda ya shigo. Ban da haka, tsamiyar nan ko birai ne ba za ta ɗauki sittin ba. Kuma mutumin da ke can reshen sama yana ɗaga mana hula, babban ɗanka ne.

Na biyar. Wani dillalin shanu, da Mati ya yi wa kakansa kirari, ya tuɓe rigarsa mai aiki ya yafa mini a gaban jama'a. Kyautar makaɗi tasa ce, haka muka gada. Ka karɓe ta, ka ce za ka ajiye har a ga yadda za a raba, tunda a filinka ta faɗo. Juma'ar da ta zagayo na hange ka da ita a sahun gaba. Na gane ta da tabon goro a bakin aljihu. Wallahi ta yi maka kyau, sai dai ban san haka ake ajiya ba. Zakaran da wani manomi daga Achika ya ba Buba kuwa, shi ma ka ce za ka ajiye, amma maƙwabtanka sun ce sau ɗaya suka ji cararsa.

Mai jin wannan zai yi dariya, mu ma mun yi a hanyar komawa, har Buba ya ce a haɗa kuɗin a saya wa jakin maganin ciki. Amma Sallau bai yi dariya ba. Matarsa ta haihu kwana biyu kafin wasan, ya kuma riga ya faɗa wa surukansa cewa daga Wudil da rago zai dawo. Da kwabbai a tafin hannu ya dawo. Surukinsa ne ya kamo ɗan akuya aka yanka ran suna, Sallau yana zaune a cikin mutane kansa a ƙasa. Mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙetaren kogi, yanzu sai na zungure shi yake amshi.

Duk da haka, shekaranjiya aka ji ka a kasuwa kana shelar wani wasan, har kana kiran sunana, ba ka ko aiko da goro ba. An kuma ce ka ce in mun ƙi zuwa, garmaho mai faifai za ka kunna, shi ba ya shan fura. Gaskiya ne. Sai dai garmaho bai san sunan kakan kowa ba, kuma ba a taɓa tuɓe masa riga ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. A maido da kuɗin mutanen tsamiya da na cikin jaki, a raba su yadda aka yi alkawari. Namu kason duka na Sallau ne, mu ukun mun yafe masa. A ba ni rigata, ko ba a wanke ba. In kuma za a sake wasa, a faɗi ɗawainiya tun kafin a ɗaga makaɗi, a gaban dattawa biyu, Mati ya zauna a ƙofa kusa da kwanon kuɗi. Abin da aka ba mu hannu da hannu ya zama namu.

Ba na son ɓoye maka komai. Baƙin ciki ya sa na yi wata 'yar waƙa, akwai sunanka a ciki. Na rantse ban kaɗa ta a ko'ina ba, a ɗaka kawai nake rera ta. Sai jiya na ji matata tana daka da ita, maƙwabciyarta tana amsawa ta kan danga. Na tsawatar musu. Amma Juma'a mai zuwa matan unguwarmu za su kawo daddawa kasuwa, ni kuwa bakin matata ma da ƙyar nake iko da shi. Gara mu gama magana kafin ranar.

Allah ya ƙara maka arziki da lafiya, ya raya zuri'a, ya tsare maka mutuncinka, ya sa mu rabu da kowa lafiya, amin.

Ni ne naka mai biyayya,
Garba Mai Kalangu, Indabo.

Wassalam.