Ajiyar Wayar Bala

Daren Asabar, Warra

Bala ya dawo bayan isha'i neman wayarsa. Da kansa ya ba ni ajiyarta da safe, gaban matarsa Hadiza, don yau akwai ƙwallo, kuma cacar waya ta riga ta cinye tarunsa na kamun kifi. Kwalekwale kaɗai ya rage musu.

"Inna Malama, wallahi kira ɗaya zan yi."

Na ce, "Ɗana, kai ka ce ko kuka ka yi kada in ba ka."

Ya tafi ba sallama.

Tun rasuwar maigidana Malam ba mai tambayata yadda na wuni. Wayar nan kaɗai ke kuka cikin langar da na ɓoye ta, ita ma ba ni take nema ba. Allah ka kai mu safiya da kwalekwalen nan.