Garin da Baba Ya Gina a Falo

Kaura Namoda,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Kamalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rashida da yara. Tunda aka rufe layin waya ga ni na koma rubuta wasiƙa kamar 'yar firamare. Atiku direba ya ce zai kawo maka duk ranar da aka samu rakiyar sojoji zuwa Shinkafi. In ka ga rubutun ya karkace, a kan gwiwata nake yi, don teburina yanzu kasuwar Tungar Rini ce a kai.

Bari in yi maka bayani kafin ka ce ƙanwarka ta zare. Ka tuna yadda Baba ya zo mini bayan an ƙone ƙauyenmu. Ba ya magana, ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Magini guda, wanda rabin gidajen Tungar Rini aikin hannunsa ne, ya koma sai a kwantar sai a tayar. Ana nan sai maƙwabciyata Cecilia, mai sayar da gwanjo, wadda muke kira Maman Miracle, ta kwance dila ta tarar da leda cike da wasu ƙananan bulo na roba, ja da shuɗi da rawaya, masu haƙora a sama, in ka danna su sai su kama juna. Kayan wasan yaran Turawa ne. Ta rasa mai saye ta ba ni. Na ajiye a falo na tafi shagon ɗinkina. Da na dawo sai na tarar da rumbu a tsakiyar tabarma, Baba na duƙe a kansa. Ya ɗago ya ce, "Wanga bulo bai san kewaye ba, amma za ya koya." Wata biyar ban ji ya haɗa kalma biyar ba. Na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

To daga nan na jawo wa kaina. Ni da bakina na ce wa Maman Miracle duk inda ta ga irinsu ta kawo. Yau buhu biyu ne da rabi. Samirun aurena gaba ɗaya sun zama ma'ajiya, jajaye a wannan, shuɗɗa a wancan, tuwo kuma a roba muke ci. Ya gina masallaci, ya gina rijiya, ya gina gidan Liman har da katangar nan da ta karkace, wai ba zai yi wa katanga ƙarya ba. Kujeruna suna tsakar gida rana na cinsu. Baƙo ba ya shigowa, don babu inda zai sa ƙafa. Ni kaina a rakuɓe nake bi ta jikin bango in shiga ɗakina. Ka taɓa taka ɗayansu ba takalmi? Wallahi ƙaya ta fi shi imani.

Maigidana Muhtari yana Ibadan, ba waya, bai ma san falonsa ya zama ƙaramar hukuma ba. Yaya, mun yi da kai wata shida wurina, wata shida wurinka. Yau wata bakwai. Ina son Baba, Allah ya sani, amma na gaji. Ka zo ka ɗauke shi da shi da garinsa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Mardiyya.

Shinkafi,
21 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga ƙanwata Mardiyya,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta same ni lafiya, kuma na karanta ta sau biyu, na biyun a bayyane, don Rashida ta ce ba za ta bar ni in yi dariya ni kaɗai ba.

Game da alkawari, ban manta ba. Amma ke kanki kin san halin da hanyar Kaura zuwa Shinkafi take ciki. Ba zan ɗora dattijo mai shekara saba'in a kanta ba, ko da rakiya. Na aika wa Gwaggo Kulsumu a Zurmi ko za ta karɓe shi na ɗan lokaci, ta ce su kansu da takalmi a ƙafa suke kwana. Saboda haka sai haƙuri.

Ina kuma tunatar da ke, a matsayina na yayanki kuma malamin makaranta, cewa abin da kike kuka da shi ni'ima ce. Mutane nawa ne iyayensu suka fito daga daji ba su sake dawowa hayyacinsu ba? Namu ya samu abin da ya riƙe shi, kuma abin ba taba ba ne, ba caca ba. Wasan yara ne, ba ya cutar da kowa. Ki bar shi ya yi gininsa.

Ki duba mini, ya sa ɗakina na samartaka a gidanmu? In ya sa, ki gaya masa tagar gabas take kallo.

Wassalam.

Yayanki,
Kamalu Tsoho.

Kaura Namoda,
3 ga Oktoba, 2021.

Yaya Kamalu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in dai numfashi ne lafiya. Ɗakinka yana nan, tagar ma gabas take kallo, bai jira ka tuna masa ba.

Ka ce wasan yara ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba ya gama Tungar Rini, na ce alhamdu lillahi an huta, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu unguwarmu ta nan Kaura ya sa a gaba. Kuma ka san shi, tun muna yara bai taɓa riƙe tef ba, da ƙafa yake awo. Kullum bayan karin kumallo sai ya fita, ya jingina diddige da katangar mutane, ya dinga takawa yana ƙirga a bayyane. In ya kai kusurwa sai ya ciro takarda daga hularsa ya rubuta da ajami. Ya shiga lungu ya fito lungu. Ranar Talata ya tsaya ƙofar gidan Alhaji Imrana, babban dillalin hatsin unguwar nan, ya ƙirga tagogi, sannan ya tambayi maigadi, "Wanga gida na da ƙohwar baya?"

Yaya, a Kaura ta yau! Baƙo, daga wajen Zurmi, da takarda a hula!

Maman Miracle ce ta ja ni gefe a wurin famfo. Ta ce, "Maman gida, ki riƙe Baba. Mata suna cewa infoma ne, wai taswira yake haɗa wa mutanen daji." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce da ta san haka abin zai zama, da a wuta ta zuba ledar nan.

Na roƙe shi ya daina fita. Ya ce in bai auna ba ƙarya zai gina. Na ɓoye takalmansa, ya fita ba takalmi, ya dawo yana murna wai awon ya fi fita daidai. Kwana tara ke nan ban buɗe shago ba. Ɗinkin mutane na jibge, ni kuma ina bin tsoho a baya lungu-lungu ina yi wa kowa murmushi ina cewa, "Magini ne, tsufa ne." Wasu su gyaɗa kai, wasu su bi mu da ido har mu sha kwana.

Tsoro nake ji. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Mardiyya.

Shinkafi,
8 ga Oktoba, 2021.

Mardiyya,

Wa alaikumus salam. Na janye maganata ta baya, kuma ina neman afuwarki.

Ki saurare ni da kyau. Kalmar nan da aka fara jifan Baba da ita ba a wanke ta da rantsuwa. Na ga yadda take ƙarewa da idona, kuma ba zan rubuta shi a takarda ba. In mutane suna cikin tsoro ba sa tambaya, sai an gama ake cewa ashe. Ki ƙone takardun da ke hularsa. Ki rushe ginin nan gaba ɗaya, yau ba gobe ba, ki zuba bulon a buhu ki fitar da shi daga gidan. Zai yi fushi, zai huce. Rai ya fi roba.

Na nemi mota in zo da kaina. Atiku ya ce kwana huɗu ke nan ba a ba da rakiya ba, wannan takardar ma ta hannun wani mai kai magani za ta zo. Ni ne babba, ni na ce ki yi. In da laifi yana wuyana.

Allah ya tsare ku.

Kamalu.

Kaura Namoda,
13 ga Oktoba, 2021.

Yaya,

Sallama. Takardarka ta zo ranar Asabar, na karanta, na sa ta ƙarƙashin filo. Ban rushe ba. Na tsaya a kan ginin da buhu a hannuna sau uku ina fasawa. Kai kana cewa zai huce, ni ce na yi wata biyar ina ɗura masa kunu da cokali.

Ranar Litinin aka wayi gari an ɗauke ƙanen Alhaji Imrana. Ta ƙofar bayan gidan Alhajin aka shiga.

Kafin azahar samari sun cika ƙofar gidanmu, wasu da gora. Allah ya saka wa Mai Unguwa da alheri, shi ya tsaya a bakin zaure ya ce ba mai shiga sai shi. Ya shigo falo, ya tuɓe takalmi, ya tsaya. Sai da ya daɗe yana kallo. Ya gano gidansa, har ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah, har da kwatar." Sannan idonsa ya kai bayan gidan Alhaji. Ga lungun nan, ga ƙofar, Baba ya sa mata jan bulo saboda ainihin ƙofar ma ja ce. Murmushin ya ɗauke.

Ya tsuguna ya ce, "Malam Tsoho, don Allah mi ya kai ka?"

Baba bai ko daina abin da yake yi ba. Ya ce, "Shekara saba'in ina Tungar Rini. Da nig gina ta nan, sai nir rasa taku nawa ne daga rijiya zuwa masallaci. Na kwana na tashi ban tuna ba, kuma babu inda za ni in auna. Shi ya sa nic ce wagga unguwa in auna ta tun tana tsaye."

Mai Unguwa ya miƙe ya sa takalminsa. Ni kuwa na juya na kama gyaran labulen da ba abin da ya same shi.

A tsakar gida ya ce mini, "Ɗiyata, ni na san babu komi zuciyar wanga tsoho. Amma ba ni ke riƙe da gora ba." Ya shawo kan samarin da sharaɗi biyu. Zuwa Juma'a a rushe komai, su leƙo su gani da idonsu. Na ce to a bar ƙauyen, ai shi ba kowa a cikinsa. Ya ce wanda aka ɗauke wa ɗan'uwa ba zai tsaya bambance Tunga da Kaura ba. Na biyu, Baba ba zai ƙara fita shi kaɗai ba, kuma ni na tsaya masa a gaban mutane, duk abin da ya biyo baya ni za a tambaya.

Ban gaya wa Baba ba. Yanzu haka yana can yana neman koren bulo zai yi wa makarantar allo inuwa, yana ɗan waƙarsa ta aiki. Ya ci tuwo malmala biyu yau. Gaba kura baya sayaki, Yaya. In na bari su kashe shi, in na rushe ban san abin da zai rage mini ba.

Ka yi mana addu'a.

Mardiyya.

Kaura Namoda,
17 ga Oktoba, 2021.

Yaya Kamalu,

Assalamu alaikum. An yi.

Mai Unguwa da kansa ya riƙe hannun Baba zuwa masallacin Juma'a. Na fara da Kaura, wannan bai yi wuya ba. Gidanmu na Tungar Rini shi na bari ƙarshe. Na kwashe a buhu, na share falon, na buɗe ƙofa. Samarin suka leƙo suka tafi, ɗaya har da ce mini sannu.

Da Baba ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi siminti, ya dube ni, ya ce, "Su ma haka sunka yi. Sai dai su ba su share ba."

Yana raye, ba wanda ya taɓa shi. Kowa na cewa na yi daidai. In zan fita sai in sa masa kwaɗo ta waje. In na kawo abinci yana karɓa daga hannun Maman Miracle, nawa kuwa sai ya huce a inda na ajiye.

Ranar da aka buɗe hanya ka zo. Ba sai ka ɗauke shi ba, na fasa. Ka zo dai ka zauna gabansa ka faɗa masa da bakinka cewa kai ka sa ni, ko Allah zai sa ya sake kiran sunana.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Mardiyya.