An Ce In Yanke Ragata In Ɗinka Ta Taufiƙ

Hajiya Sayyada, don Allah ki taimake ni, kishi na neman ya sa ni aikin da-na-sani.

Ni ma'aikacin ruwa ne a Sokode. Na zana arewacin ƙasar nan a kwamfuta kamar ragar kamun kifi, alwatika kusa da alwatika, kuma a kowane ƙulli na'ura tana lissafa zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da ita muke nuna wa masu haƙa inda za su sa rijiyar burtsatse. Idona ma a kanta ya lalace.

To akwai Taufiƙ a ofishinmu na Dapaong, wanda ni na koya wa aikin. Tun da aka shiga yajin aikin nan, hanya duk shingen sojoji, ni ina unguwar Didawure nan Sokode a zaune, shi kuwa ya bi rijiyoyin yankin Tanjuware a babur yana awo. Ya saƙa 'yar ragarsa mai ƙananan idanu. Wayyo, ta yi kyau, abin da ke ci na ke nan! Direkta ba ya da zance sai Taufiƙ. Yanzu wai ni zan goge yankin Tanjuware daga ragata in ɗinka tasa a gurbin, sai ka ce tela.

Ƙulle-ƙullen bakin tasa sun fi nawa yawa, dole in bi su ɗaya bayan ɗaya ina haɗawa. In na bar wasu a sake, lissafin zai karkace, a ce aikinsa ne bai da kyau. Ba mai ganewa sai ni. Wani direban babbar mota ne ya kawo mini ragar tasa a disket, faifan kwamfuta, har da saƙon wai Yaya ya duba masa kurakurai. Yaya fa! Ni wannan ladabin ma haushi yake ba ni. Masu haƙa suna jira. Yaya zan yi?

Mai Raga, Sokode

Mai Raga, sannu. Zafinka ba na banza ba ne: goge aikin hannunka da ciwo, kuma direktan da ya yabi ƙarami ya manta da wanda ya koyar bai kyauta ba. Ka same shi ka faɗa masa a fili, ka nemi sunanka ya fito a rahoto tare da na Taufiƙ. Wannan haƙƙinka ne.

Amma Taufiƙ bai yi maka laifi ba. Ya shiga hanya lokacin da kowa ke tsoro, ya kuma miƙa maka aikinsa don ya yarda da kai. Ragarsa ba ta tsayawa ita kaɗai, a cikin taka za ta zauna.

Ka ce ba mai ganewa. Ƙasa za ta gane. Za a haƙa inda lissafinka ya nuna, a tarar da dutse. Matar Tanjuware da ta zo da tulu ba ta san Taufiƙ ba, ba ta san ka ba, za ta dai koma gida da shi a bushe, kai kuma kana Sokode ka san dalili.

Ka ajiye ragarka ta asali a wani disket, sannan ka haɗa ƙullin nan duka. In ka ga kuskure, ka gaya masa kamar yadda ya roƙa. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba mutanen Tanjuware ruwa ta hannunka.

Hajiya Sayyada