Baba a Durƙushe

Fresno, 3 ga Satumba

Rogelio, sun karɓi zanen Noemi! Guda tara za a rataya a ɗakin nunin zane na tsakiyar gari, da sunanta a ƙofa. Af, ban ma gaishe ka ba. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Lupe da aikin tuffa.

'Yarka ta bar aikin asibitin haƙori, gara ka ji daga bakina. Matar da ke da ɗakin nunin ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya yi zane a kan takardar da muke shanya inabi a kanta ba. Ni nake kwaso wa Noemi takardun daga gona bayan an kwashe inabin, da tabonsu da ƙurarsu. Zanen da ya fi girma ni ne a ciki, ina durƙushe a gindin inabi da wuƙa a hannu. Na ce mata, "Ke yarinya, wannan hancin ai na jaki ne." Ta ce, "Kaka, abin da na gani na zana, sai ka kai ƙara wurin Mahalicci."

Ga hoton zanen na sa maka a ciki. Ranar 21 za a buɗe. Da hannuna na rubuta wannan, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci na yamma ko harafi ba ta gyara ba.

Mahaifinka,
Eusebio

Yakima, 9 ga Satumba

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Na ga hoton, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na bar gida na sha wahala don kada a sake ganin ɗan gidanmu a durƙushe a gonar wani. Na sa Noemi a makaranta don ta yi aiki a inuwa. Yau ta ɗauki mahaifina da yagaggen wando ta liƙa shi a takardar shara, masu gonaki su zo da kofin giya a hannu suna cewa "Allah sarki." Su ne fa masu zuwa irin wuraren nan, Baba, ba mu ba.

Na kira ta a waya. Na ce ko ta sauke wannan zanen, ko kada ta sa ran ganina. Ta yi kuka, ta ce za ta yi tunani. In ya zama dole, ni zan saye shi kafin a buɗe, ya zauna a gidana.

Ka yafe mini in na yi tsauri.

Ɗanka mai biyayya,
Rogelio

Fresno, 14 ga Satumba

Ɗana,

Na gaishe ka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Shekaranjiya Noemi ta shigo da zanen a naɗe a hammata, idanu jajur. Matar ɗakin ta gaya mata in babu wannan, babu nunin gaba ɗaya, don shi ta gani ta kira ta. Ka ga abin da wayarka ta jawo: aikin farko na yarinya zai mutu tun kafin kowa ya gani.

To saurara. Ni ne a takardar nan, ba kai ba. In da kunya a ciki, ni ya kamata in ji ta, kuma na duba ban same ta ba. Sata aka kama ni ina yi? A kan gwiwoyin nan ka ci ka ƙoshi har ka zama shugaban ma'aikata. Ka ce masu gonaki za su zo. Su zo mana! Tun ina saurayi suke wuce ni a mota, babu wanda ya taɓa duban fuskata. Yanzu a sama za a rataye ni, dole su ɗaga kai.

Ban tilasta mata ba. Na ce, "Noemi, in an ce ki sake zana ni, a tsaye za ki yi ni?" Ta ce, "A'a, Kaka, ƙarya zai zama." Ta share fuska, ta mayar da shi da kanta. Ta kuma ce in gaya maka wannan ba na sayarwa ba ne, ko ga ubanta.

Ina sa maka albarka, duk da taurin kanka.

Eusebio

Yakima, 17 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Lupe ta ce za ta zo ko da ni ko ba ni, kuma ba ta iya tuƙi mai nisa ba. Ban yi alkawarin shiga ciki ba. Ƙarfe nawa ake buɗewa?

Rogelio

Fresno, 19 ga Satumba

Ɗana,

Ƙarfe shida na yamma, zan kuma kira ka a waya ko da wannan takarda ba ta riske ka ba. Sannu da hanya tun yanzu. Na ari motar coci zan kwaso mutanen gona, 'yan ajinmu ma duk za su zo. Ka gaya wa duk wanda ka sani a can, kowa ya zo ya ga aikin jikata. Ƙofar gilashi ce, ko daga titi ana hango ni.

Mahaifinka,
Eusebio