Man Kifi a Aljihun Farar Riga

Malam,

Na bar ka kana barci, na je sayo sabulu. Ɗazu ina goge farar rigarka sai na ji fus! a ƙarƙashin dutsen guga. Ashe ƙwayoyin man kifin nan da nake miƙa maka kullum, kana cewa "na haɗiye", a aljihu kake tara su. Ƙarnin da ya tashi, wallahi sai da na fita tsakar gida ina kakarin amai. Tir! Tsofai-tsofai da kai kana wayon yara.

Na san gyatsarsa ce ba ka so. Ai likita ya ce a tsakiyar cin abinci za ka haɗiye, ban da taunawa. Don zuciyarka ya rubuta maka. In ta tsaya, wa ka bar ni da shi?

Na zubar da na aljihun, sun lalace. Ga ɗaya a gefen kwanonka. Ɗaya tak, kar ka ce za ka rama na baya gaba ɗaya.

Rigar tana kan igiya, kyanwar maƙwabta na gadinta. Daga gobe a gabana za ka haɗiye, ka buɗe baki in gani.

Matarka