Kayan Nutso Sun Iso Daga Kotonu

Tawa, daren Laraba

Yau direba ya kawo kayan nutson da na sa aka sayo mini a Kotonu: gilashin ido, takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da tukunyar iska. Gwanjo ne, amma wanda zai koya mini nutso ya ce lafiyarsu lau.

Na kwance su a tsakar gida. Yaya Isuhu ya zura takalman yana tsallen kwaɗo, mata suna ta dariya, har ni na murmusa. Sai ya ce, "Kai da ka tsaya bakin tabki kana kururuwa har ɗanka ya nutse, yanzu za ka koma kifi? Wa ya rage ka hiddo?"

Na dubi matata Hadiza, uwar yaron. Shekara guda ke nan tana ce mini ƙaddara ce. Yau ta naɗe tabarmarta, ta ce, "Ai gaskiya ya hwaɗi," ta shige ɗaki.

Asabar zan fara koyo a tabkin Tabalak. Har yanzu in ruwa ya kai mini gwiwa, ja da baya nake. Zan shiga duk da haka.